Laifin Gona ne ko na Gidan Sauro? Muhawara kan Ƙwarin da Suka Daina Jin Magani

Duk maganin ƙwarin da aka daɗe ana fesawa a wuri ɗaya, watarana sai ya daina kisa. Manomi yakan ce mai shago ya sayar masa da jabu, magidanci ya ce kamfani ya rage wa magani ƙarfi, kuma wani lokaci zargin nasu gaskiya ne. Amma sau da yawa maganin yana nan yadda yake, ƙwarin ne suka sauya. A cikin dubban ƙwarin da feshi ya sauka a kansu akan sami 'yan tsiraru da aka haifa da wani bambanci a jiki wanda ya hana dafin kashe su. Su ne za su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu wannan kariya. Feshi na biyu ya share ragowar masu rauni, na uku ya ƙara tankaɗewa, har a wayi gari babu kowa a wurin sai jikokin masu taurin rai. Sauro a lokacin zafi ba ya wuce kwana goma zuwa sha biyu daga ƙwai zuwa tashi, don haka a damina ɗaya ana iya yin wannan tankaɗe sau da dama.

A lambunan itatuwa aka fara lura da abin. A shekarar 1914 wani masanin ƙwari a jihar Washinton ta Amurka, A. L. Melander, ya rubuta cewa wani ƙwaro mai ɓawo da ke manne wa rassan tuffa yana tsotse ruwansu ya daina mutuwa da haɗin farar wuta da farar ƙasa da aka saba fesa masa. Ba da jimawa ba masu lambun lemo a Kalifoniya suka ga irin haka ga ƙwarin da suke turarawa da hayaƙin guba a ƙarƙashin tanti. A ƙarshen shekarun 1920 kuma tsutsar da ke huda tuffa a Kolorado ta fara cin gubar dalma da asinik tana wucewa. Masu lambu suka yi abin da kowa zai yi, suka ƙara yawan feshi, har yau kuwa akwai tsofaffin filayen lambu a Washinton da dalmar wancan zamani ke kwance a cikin ƙasarsu.

Zuwan DDT ya sa aka ɗauka magana ta ƙare. Paul Müller ya gano ƙarfinsa a Suwizalan a 1939, aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Kafin ma ya karɓi kyautar, ƙudan gida a Suwidin da Italiya sun fara bijire masa, a 1951 kuma aka ga sauron da ke yaɗa zazzaɓi a Girka ya bi sahu. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya a 1955, dogaronta kusan duka a kan feshin bangon ɗaki, ta kuma janye daga burin a 1969. Tun daga wancan lokaci ake jayayya a kan tambaya guda. Shin feshin gona ne yake lalata wa ma'aikatan lafiya makamansu, har ya zama wajibi a keɓe wasu magunguna ga sauro kaɗai a hana manomi taɓa su? Ko kuwa yaƙi da sauron ne da kansa yake haifar da sauron da ba ya jin magani?

Masu ɗora wa gona laifi suna farawa ne da yawa. Abin da ake fesawa don lafiyar jama'a ɗan ƙaramin kaso ne idan aka kwatanta da abin da noma ke sha, kuma iri ɗaya ne ko 'yan uwan juna. Feshin ɗaki da gidan sauro macen da ta shigo neman jini kaɗai suke samu. Feshin gona kuwa ruwan sama yakan wanke shi zuwa kududdufi da sawun shanu da kunyar shinkafa, inda 'ya'yan sauro, maza da mata, suke kwana suna tashi a cikinsa. Kuma ba da cikakken ƙarfinsa yake isa can ba, a tsarme yake zuwa, wanda shi ne ya fi haɗari, domin yana kashe masu rauni ya bar masu ɗan dama-dama su rayu su haihu.

Suna da shaidu masu nauyi. A gaɓar tekun Amurka ta Tsakiya, musamman Salbado, an yi ta fesa gonakin auduga da jirgin sama sau da yawa a kowace shekara cikin shekarun 1960 da 1970, sauron yankin kuwa ya daina jin DDT, ya daina jin wasu magungunan ma da ba a taɓa fesawa a ɗakuna ba. A Afirka ta Yamma an fara ba da rahoton sauron da ke jure dangin maganin da ake kira firetiroyid a ƙasar Kwaddibuwa a 1993, tun kafin a fara rabon gidan sauro mai magani na miliyoyi. Binciken da aka yi a Burkina Faso a farkon shekarun 2000 ya nuna jurewar ta fi yawa a yankunan noman auduga. Dalilin a bayyane yake ga masana: DDT da firetiroyid ƙofa ɗaya suke bi a jijiyar ƙwaro, don haka sauyin gado guda, wanda ake kira kdr, yana toshe su duka biyun. Auduga ta sha DDT shekaru, sannan ta koma firetiroyid. Da gidan sauro mai magani ya iso, sai ya tarar an riga an shirya masa abokin gaba. Akwai misali na kusa-kusan nan: a 2017 aka amince da kilotiyanidin a matsayin sabon maganin feshin ɗaki, amma a wani yankin noman kayan lambu kusa da Yawunde a Kamaru an sami sauron da ke jure shi, alhali ba a taɓa fesa shi a ɗakunan wurin ba. Danginsa ne manoma suka daɗe suna zuba wa kayan miya.

A wurin masu wannan ra'ayi maganar ta rai ce. Tuffa ko tumatir idan ya lalace asarar kuɗi ce, gidan sauro idan ya daina aiki yara ne ke mutuwa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2015 ya nuna an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kashi 68 cikin ɗari kuma albarkacin gidan sauro ne. Duk waɗannan gidajen sauro dangin magani ɗaya tak suka dogara da shi, wato firetiroyid, wanda kowane shagon kayan noma ke sayarwa da araha. Saboda haka suka ce duk sabon maganin da aka samu na sauro a rufe masa ƙofar gona da doka.

Ɗaya ɓangaren ba su musa waɗannan labarai ba, sai dai sun ce an zaɓo waɗanda suka dace da hujja ne aka bar saura. Misalinsu na farko daga ƙasar Hausa ya fito. A 1954 aka fara gwajin feshin ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kabi, cikin ƙasa da shekara biyu kuwa sauron ƙauyukan da aka fesa wa dildirin ya daina mutuwa da shi. Wannan na daga cikin rahotannin farko na irin wannan bijirewa ga babban sauron maleriya na Afirka, kuma ya faru ne a zamanin da feshin gona bai yaɗu a yankin ba. Feshin lafiya ne ya haife shi. A Jamhuriyar Nijar an yi rabon gidan sauro na ƙasa baki ɗaya a 2005 da 2006, masu bincike kuma suka ga sauyin kdr ya ƙaru a jikin sauro bayan rabon. A ƙauyen Diyelmo na Sanigal ya tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 2007 zuwa kashi 48 a 2010, bayan an raba wa mutanen gidan sauro a 2008. Noman wurin bai sauya a shekara uku ba, abin da ake rataya wa a kan gado ne ya sauya.

Labarin Jazira a Sudan ya fi jan hankali, domin can ne kowa zai yi tsammanin auduga ce mai laifi. Yanki ne na noman ban-ruwa da ake fesa wa magani daga sama, inda Hausawa da yawa suka zauna suna aikin gona. Da sauron wurin ya daina jin malatiyon, bincike ya gano cewa kariyar a jikin manyan sauro take, 'ya'yan da ke cikin ruwa ba su da ita, kuma ta malatiyon ce kaɗai, wanda shi ake fesa wa ɗakuna. Da ruwan gona ne ya tace su, da a jikin 'ya'yan za a fara gani. A Siri Lanka an ga fuska biyu a ƙasa ɗaya: sauron da ke haihuwa a gonakin shinkafa ya jure magunguna iri-iri irin na manoma, wanda ke haihuwa a kwarin rafi yana kwana a ɗaka kuma maganin feshin ɗaki ya jure. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara ma ba ruwansa da gona. A randa da tanki da tsohuwar taya yake haihuwa, kuma a Birazil maganin da ma'aikatan lafiya suka shafe shekaru suna zubawa a ma'ajiyar ruwa shi ya daina ji. Ga kuma abin da ake fesawa a gida ba tare da lissafi ba, daga maganin sauro na kunnawa zuwa fiya-fiya, wanda ba manomi ne ke yin sa ba.

A nan ya kamata a raba lambun itatuwa da sauran noma, domin ana yawan haɗa su a zargi ɗaya. Lambun mangwaro ko na lemo a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, ba gidan haihuwar sauro ba ne. Zargin ya fi kama shinkafar fadama, da kayan lambun noman rani da ake yi a bakin gari, da auduga. Masu bincike na Jami'ar Bayero ta Kano sun sami sauro mai tsananin jure firetiroyid a Auyo da Bunkure, wuraren da ruwan noman rani ba ya ƙafewa, amma waɗannan garuruwa sun sami rabon gidan sauro su ma, don haka ba a iya cewa ga kason gona ga kason gado.

Hujjar ƙarshe ta masu kare gona ta kuɗi ce da ta hukuma. Ƙirƙiro sabon maganin ƙwari yana cin fiye da shekara goma da maƙudan kuɗi, kamfani kuwa kasuwar noma yake kallo, domin ta sauro ƙarama ce. Kusan duk abin da ake sa wa gidan sauro ko bangon ɗaki aro ne daga gona. Idan aka ce sabon magani na sauro ne kaɗai, wa zai biya kuɗin nemo shi? Sannan dokar da za ta hana manomi magani tana buƙatar mai tsare ta. Wanda ya ga yadda tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatirin Kadawa da kewaye a 2016 ya san cewa mutumin da amfanin gonarsa ke narkewa a gabansa zai fesa duk abin da hannunsa ya kai, a rubuce yake a jikin kwalba ko ba a rubuce ba. Haramci ba tare da madadi ba kasuwar bayan fage kawai yake ciyarwa.

Akwai wata jayayya a cikin jayayyar, wato ko jurewar ma tana da illar da ake faɗa. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Binin da Kamaru da Indiya da Kenya da Sudan, wanda aka fitar a 2018, ya gano masu kwana a gidan sauro sun fi samun kariya ko da a inda sauro ke jure magani. Raga dai raga ce, tana tare sauro ko babu dafi, kuma sauron da bai mutu nan take ba yakan rasa kwanaki daga rayuwarsa, ƙwayar cutar kuwa tana buƙatar fiye da kwana goma a cikinsa kafin ta iya kama mutum. Amma wannan hujja ta yi rauni daga baya. Afirka ta Kudu ta bar DDT ta koma firetiroyid a 1996, wani sauro mai jure sabon maganin ya dawo, masu kamuwa suka haura dubu 60 a shekarar 2000. An koma DDT, an kuma sauya maganin jinya, cutar ta faɗi, don haka ba a iya ba feshi ladan duka. Abin da ya fi yanke magana shi ne gwajin sababbin gidajen sauro. A Tanzaniya da Binin, gidan sauron da aka ƙara wa kilofenafir ya rage kamuwar yara da sama da kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da tsohon mai firetiroyid kaɗai, har Hukumar ta ba da shawarar amfani da shi a watan Maris na 2023. Wannan giɓi shi ne ma'aunin abin da jurewa ta riga ta cinye ba a sani ba. Tsakanin 2010 da 2020 ƙasashe 78 ne suka ba da rahoton sauro mai jure aƙalla dangin magani ɗaya, 29 daga cikinsu kuma duka manyan dangogi huɗu.

Idan lambun itatuwa ba shi ne babban mai laifi ba, shi ne ya fi kowa daɗewa a makarantar. Masu lemo a Kalifoniya sun shigo da wani ɗan ƙwaro mai jan baya daga Ostireliya a 1888, ya cinye musu wani farin ƙwaro da ya kusa kashe sana'arsu, aka zauna lafiya kusan shekara sittin. Da aka fara fesa DDT sai ya kashe mai gadin, ɓarawon ya dawo. Masu tuffa su ma sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, domin maganin tsutsa ya share ƙwarin da ke cin wasu jajayen ƙananan gizo-gizo, su kuma suka rufe ganye. Daga irin wannan wahala ne masanan Kalifoniya suka fito a 1959 da tsarin haɗa dabaru: a ƙirga ƙwari kafin a fesa, a ƙyale ɓarnar da ba ta kai kuɗin magani ba, a kare ƙwarin da ke cin 'yan uwansu. Daga baya aka sami turaren da ke kwaikwayon ƙamshin macen tsutsar tuffa, a rataya shi a rassa namiji ya rasa inda take. A kwarin Okanagan na Kanada tun 1994 ake sakin ƙwarin tsutsar tuffa da aka mayar juya da yawa don su lalata haihuwa, feshi kuma ya ragu ƙwarai. A Binin an nuna cewa jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida tana rage ɓarnar ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa. Ko waɗannan ma ba su tsira ba idan aka dogara da guda: wajen 2005 aka gano a Jamus da Faransa cewa tsutsar tuffa ta fara jure ƙwayar cutar da masu noma ba sinadari suke fesa mata. Matsalar ke nan ba ta sinadari kaɗai ba ce, ta maimaita makami ɗaya ce.

Sai dai darasin lambu ba ya shiga ɗakin kwana gaba ɗaya. Mai lambu yana iya yafe kashi kaɗan na 'ya'yan itacensa, yana iya barin wani sashe ba feshi don ƙwari masu rauni su rayu su tsarma jinin masu tauri. Ma'aikacin lafiya ba shi da ikon ware wata unguwa ya ce yaranta su kwana a buɗe. Mai lambu yana sauya magani daga feshi zuwa feshi, gidan sauro kuwa an yi shi ne ya shekara uku a rataye, dafinsa yana raguwa a hankali, wanda shi ne ainihin yanayin da ke renon jurewa. Kuma sauro yana da wata hanyar kuɓuta da ba ta jini ba, wato ya ƙi sauka inda maganin yake. Aikin Garki, wanda aka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu yake jihar Jigawa, ya nuna feshin ɗaki mai kyau ya rage cizo amma bai katse yaɗuwar cutar ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne wani kaso na sauron a waje yake hutawa.

Idan aka auna hujjojin, kowane ɓangare ya taka nasa tudun ya hango na wani. A yankin auduga da shinkafa da kayan lambu na Afirka ta Yamma, gona ce ta shuka jurewar firetiroyid, gidan sauro ya zo ya yi mata ban-ruwa ta game ko'ina. A wasu wurare, kamar Birnin Kabi da Jazira, feshin lafiya ne ya yi aikin shi kaɗai. Kiran a ƙwace wa manomi firetiroyid a yau ba shi da amfani, domin ɓarnar ta riga ta auku. Inda masu son keɓewa suka fi gaskiya shi ne kan abin da bai lalace ba tukuna. Kilofenafir da ake dogaro da shi yanzu maganin gona ne tun asali, kuma ana sayar da shi ga masu kayan lambu. Ya dace hukumar da ke yi wa magunguna rajista, wato NAFDAC a Najeriya, ta riƙa zama da masu yaƙi da maleriya kafin ta buɗe wa irinsa kasuwa a yankunan ban-ruwa, a kuma riƙa gwada sauron fadama a kai a kai kamar yadda ake gwada na ɗaka. Duk wani sabon dangin magani da kuɗin tallafi ya samar don sauro, kamar waɗanda ƙungiyar IVCC ta Libaful ke nema tun 2005, a rufe masa ƙofar gona tun ranar farko, a kuma ba manomin da aka hana wani abin da zai riƙe, da malamin gona da zai nuna masa. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma ita ce ke faɗaɗa noman shinkafar ban-ruwa a jihohin da cutar ta fi kisa, irin su Kabi da Jigawa da Kano.